Makantar Da Ba Ta Sallama

 Yau a kan ido za a tsaya.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan yawa ya san yadda afolo ke shiga gida. Yaro ɗaya zai dawo daga makaranta da ido jajur, washegari ƙannensa biyu su tashi kwantsa ta liƙe musu idanu, kafin Juma'a ta zagayo uwargida da amarya sun koma saka baƙin gilashi a tsakar gida. Nan take gida ya rikice. Wannan ta ce a ɗiga nono, waccan ta ce ruwan sukari, maƙwabciya ta aiko da ragowar maganin da ta saya bara, a tura yaro kemis da gudu. A zauren gidan kuwa ga maigida zaune a kan buzunsa, shekara sittin da 'yan kai, idonsa fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba zafi. Sai dai 'yan watannin nan yakan yi tuntuɓe da buta, kuma sau biyu ke nan babur na wucewa ta gefensa bai ankara ba sai da ya ji iskarsa. Ba wanda ya ce a kai shi asibiti, shi ma bai nema ba. A cikin mutanen gidan nan kaf, shi ne yake kan hanyar makancewa.

Ita afolo ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa ta hannu, da tawul, da gefen zani, kuma yawanci tana warkewa da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Sunan ma tarihi gare shi. A shekarar 1969 annobarta ta ɓarke a Gana, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, sai mutane suka ɗaura mata sunan kumbon, har ya iso bakin Bahaushe ya zama afolo. Abin da take buƙata bai wuce wanke hannu da sabulu, da goge ido da tsaftataccen ruwa, da kowa ya riƙe tawul ɗinsa ba. Inda take zama masifa shi ne abin da ake zuba mata. Likitocin ido sun sha ganin idon da aka ɗiga wa fitsari, ko ruwan batir, ko ruwan albasa, ko wani jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ciwon da zai tafi da kansa sai ya bar hakiya ta har abada, garin neman gira a rasa ido.

Har maganin kemis ɗin ma ba kowanne ne na kowa ba. Akwai maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, wanda ke kashe ja da ƙaiƙayi kamar an yi ruwa an ɗauke. Saboda wannan saurin ne iyaye ke son sa, musamman ga yaran nan masu yawan sosa ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa. Sai a yi ta sayen kwalba bayan kwalba, wata da watanni, ba tare da likita ya sani ba. Shi kuwa maganin nan idan ya daɗe a ido yana tayar da matsin cikinsa, yana kuma kawo yana. Idan aka yi rashin sa'a aka ɗiga shi a idon da ganyen gero ko ƙaiƙayin sussuka ya karce, gyambon ne zai ci gaba da cin baƙin ido a ɓoye. Haka kuma akwai maganin da ake shafa wa cibiyar jarirai, wanda wani nau'insa ke zuwa a 'yar kwalba mai kama da ta maganin ido. An samu jariran da suka makance a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa a 2019.

Kwalli ma yana da tasa maganar, ko da yake ba kowa ke son jin ta ba. Yawancin dutsen da ake niƙawa a sayar da sunan kwalli dalma ce a cikinsa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ga dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi diddigi sai aka gano tozalin da ake ranbaɗa masa ne, wanda da aka auna aka iske fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ga kuma al'adar nan ta mazirari guda ya zagaye idon mutum biyar a gida.

To, a koma kan maigidan da aka baro a zaure. Tsakanin 2005 da 2007 an yi wani babban bincike a kan makanta a Najeriya, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan. An zagaya sassan ƙasar duka, aka duba idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka samu cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya. Arewa maso gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, kudu maso yamma kuwa 2.8. Abin da ya fi ɗaga hankali a rahoton shi ne kashi 84 cikin 100 na makantar nan irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Cututtuka biyu ne kan gaba: yanar ido, wadda ta ɗauki kashi 43, sai hawan jinin ido mai kusan kashi 17. Dukkansu biyun, a mafi yawan lokuta, ba sa zafi, ba sa ja, ba sa hana barci.

A fara da yana, tunda ita ce babba. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau, girmansa bai fi ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske ya aika da shi can ƙuryar ido. Idan shekaru suka tura sai ya fara dusashewa, kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. Mai ita zai ce yana ganin hazo-hazo, hasken rana na kashe masa ido, fitilar mota da dare na tarwatse masa. A hankali sai ya daina gane fuska, ya koma gane murya. Tsufa ne babban dalili, amma ciwon suga, da buguwa a ido, da shan taba, da wancan maganin ɗigawa duk suna gaggauta ta, kuma akan haifi jariri da ita. Babu maganin sha ko na ɗigawa da ke narkar da yana. Duk mai lasifika a kasuwa da ya ce nasa na wanke ta, kuɗin mutane kawai yake wankewa.

A ƙauyuka da yawa na Arewa, kafin tsoho ya ga likita, wani ya riga ya isa gare shi. Mai ture yana ne, yana yawo gari gari da 'yar jakarsa. Zai zaunar da tsohuwa a tabarma, a riƙe mata kai, ya soka wani siririn ƙarfe ta gefen ido ya tunkuɗa madubin da ya dusashe ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga. Ya ɗaga yatsu ya ce, “Iya, nawa ne nan?” Ta ce biyu, gida ya ɗauki kabbara, a kamo akuya ko a auno hatsi a sallame shi. Kafin mako ya zagayo ya yi nisa. Abin da ya bari a baya shi ne ido marar madubi, wanda ba zai ga komai sosai ba sai da wani tabarau mai kaurin gindin kwalba, ga madubin da aka tura ciki yana iya tayar da kumburi da matsi, ga ƙarfen da ba a dafa ba. Wancan bincike ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana a Najeriya, sama da kashi 40 cikin 100 ture su aka yi, ba likita ya yi ba, kuma kusan bakwai cikin goma na idanun da aka ture a makance aka same su.

Ba a ce mutanen ƙauye wawaye ba ne. Shi mai turewa har ƙofar gida yake zuwa, yana jin harshensu, yana karɓar abin da suke da shi, ba ya ce a dawo ranar Talata. Asibiti kuwa sai an nemi kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da wanda zai bar gona ya yi jinya. Wannan ce gasar da asibiti ke faɗuwa a cikinta tun kafin a kai ga maganar ilimi.

Ita wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai, ta fi shekara dubu biyu a duniya, kuma tun tuni masana suka ga aibinta. Wajen shekara dubu da ta wuce, wani likitan ido mai suna Ammar bin Ali al-Mausili, mutumin Mosul da ya zauna a Masar, ya ƙera allura mai rami don ya zuƙo yanar waje maimakon ya tura ta ciki. Aikin da ake yi yau jikan wannan tunanin ne. Wanda ya cike shi kuwa wani likitan Ingila ne, Harold Ridley, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido, idon ba ya ƙin robar. A 1949 ya fara dasa madubin roba a idon mutum a wani asibiti a Landan. Shi Ridley ɗin nan, a shekarun yaƙin, ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, har ya je arewacinta yana duba masu makantar bakin rafi, cutar da za a zo kanta a gaba.

Yau aikin yana bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa. Likita zai yi ɗan ƙaramin yanka, ya fitar da madubin da ya lalace, ya saka na roba a gurbinsa, a rufe da bandeji. Maganar da ake yaɗawa cewa ana ƙwaƙulo ido a ajiye a faranti a wanke sannan a mayar, ba ta da tushe. Ido ba ya barin gurbinsa. Haka ma zancen sai yana ta nuna sarai kafin a taɓa ta, tsohon zance ne na zamanin da. Da zarar ta hana mutum sana'arsa, ko karatunsa, ko zuwa masallaci shi kaɗai, lokaci ya yi.

Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin marasa lafiya da safiyar da ake kwance bandeji ba ya mantawa. Tsofaffi a jere a kan benci, kowa da farin ƙyalle a ido guda. Ma'aikaciyar jinya ta ɓare filasta a hankali, ta goge da auduga, ta ce, “Baba, buɗe a hankali, kada ka murza.” Tsoho ya yi ta ƙifce-ƙifce, ya kalli tafin hannunsa, ya juya shi, sannan ya ɗago ya dubi yaron da ya yi shekara uku yana riƙe masa sanda, ya ce, “Kai, ashe haka ka girma?” Mutum biyu aikin nan ya 'yanta. Ɗan jagora ma yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Ana yin wannan aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda aka kafa tun 1943, da asibitin ido na Makka da ke Kano, da asibitocin koyarwa, da manyan asibitocin jihohi da dama.

Yana dai mai sauƙi ce, domin abin da ta ɗauke ana iya karɓowa. Hawan jinin ido ba ya mayar da abin da ya ci.

Sunan ma yana ruɗar mutane, don ba jini ne ke hawa ba. A cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wasu 'yan ƙananan magudanai. Idan magudanan suka toshe sai ruwan ya taru, matsi ya ƙaru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Mutum na iya zama lafiya lau a awon jinin hannu alhali idonsa na cikin wannan hali. Ita kuma jijiyar, zaren da ya mutu a cikinta ya mutu ke nan. Ta gefe cutar take fara ci. Mutum zai iya karanta rubutu, ya gane fuskar wanda ke gabansa, amma filin ganinsa na ta tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu, ɗaya idon kuma na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Shi ya sa maigidan zaure ke karo da buta ba ya ganin babur. Ranar da zai ce lallai akwai matsala, galibin jijiyar ta riga ta tafi. A ƙarshe sai a ga mutum ido biyu tangaran, ba fari ba hakiya, amma ba ya gani, jama'a su fara cewa jifa ne ko sammu.

Nazarin da Dakta Fatima Kyari ta jagoranta a kan alƙaluman wancan bincike ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 'yan shekara 40 zuwa sama a Najeriya na da wannan cuta, cikinsu waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Masu baƙar fata ta fi kamawa, tana kuma kama su da wuri. Tana bin jini: wanda aka samu mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wansa da ita, to gidan nan duka asibiti ya kira su. Gano ta ba wuya, awon matsin ido ne da leƙa jijiyar da wata 'yar fitila, ba zafi ba jini.

Wahalarta tana wajen magani. Maganin ɗigawa ne kullum har ƙarshen rayuwa, ko aiki, ko hasken leza, kuma duk cikinsu babu mai ƙara gani. Tsare abin da ya rage kawai suke yi. Nan ne mutane ke karaya. Mutum ya yi wata uku yana zuba kuɗi bai ga canji ba, sai ya ce maganin ba ya aiki, ya watsar, alhali rashin canjin shi ne aikin. Wasu kuma da azumi ya kama sai su ajiye kwalba sai bayan Salla, wata guda cur jijiya na shan matsi. Yawancin magungunan nan sau ɗaya ne ko biyu a rana, likita na iya tsara su lokacin sahur da bayan shan ruwa. Idan kuma aka ɗiga aka rufe ido aka danne lungun da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu, maganin ba zai gangara maƙogwaro ba, zai ma fi zama a inda ake son sa.

Mai ciwon suga shi ma yana cikin wannan sahu. Suga na lalata ƙananan hanyoyin jini na ƙuryar ido ba tare da wani zafi ba, don haka sau ɗaya a shekara sai an buɗa idon da magani an leƙa ciki, ko da yana gani garau. Yara kuwa, abu uku ne ba a kwana da su: jaririn da idonsa ke zubar da mugunya a makonnin farko, da yaron da tsakiyar baƙin idonsa ke ƙyalli fari kamar na kyanwa, domin yana iya zama yana ko ma ciwon daji, da yaron da ke lalube da zarar magariba ta yi. Wannan na ƙarshe shi ne dundumi, alamar ƙarancin sinadarin bitamin A, kuma idan ƙyanda ta same shi a haka baƙin idon na iya narkewa. Rigakafin ƙyanda, da ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da manja, da zogale, da gwanda, da mangwaro, da hanta sun isa su tare wannan ƙofa.

Akwai inda aka ci nasara, kuma ya kamata a faɗa. Makantar bakin rafi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa, ta taɓa tayar da ƙauyuka sukutum daga ƙasa mai albarka a Afirka ta Yamma. A 1974 aka fara shirin yaƙi da ƙudan, a 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta har sai an ga bayan cutar. Mutanen gari ne da kansu ke rabawa, da sandar awon tsayi a hannu, shekara bayan shekara, domin uwar tsutsar na iya rayuwa har shekara 15 a jikin mutum. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Amosanin ido ma yana ja da baya. Shi ne wanda ƙuda da hannu mai dauɗa ke yaɗawa tsakanin yara, ya yi ta maimaituwa har fatar ido ta yi tabo ta ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar a duk ƙiftawa. Mata ya fi ci, saboda su ke tare da yara, shi ya sa akan ga tsohuwa da matsefata ɗaure a wuya tana tsige gashin. Ɗan gajeren aiki ne ke mayar da fatar daidai. Gana ta rabu da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2018, da aiki, da magani, da wanke fuskar yara, da ruwa da bayan gida. A sassan Arewacin Najeriya da Nijar har yanzu da sauran aiki.

Sai kuma matsalar da ta fi kowace yawa, ta kuma fi kowace arha. Tela ne da ya haura shekara 45, ƙwararre, amma zira zare a allura ya fara gagarar sa sai ya kira yaron shago. Malamin allo ne da ke ta nesanta takarda da fuskarsa har hannu ya ƙare, wasali na haɗe masa. Uwa ce da ta daina tsince tsakuwa a shinkafa. Wannan ba cuta ba ce, madubin ido ne ke taurara da shekaru, kuma kowa zai je wurin. Tabarau na karatu ne maganinsa. A jihar Assam ta Indiya an yi gwaji a kan masu tsinkar ganyen shayi, aka wallafa a 2018: waɗanda aka ba tabarau, abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. Amma a nan har yanzu akwai mai cewa gilashi na ƙara kashe ido, ko yarinya mai tabarau za ta rasa masoya, sai a bar ɗalibin da ba ya hango allo a kujerar baya ana kiran sa daƙiƙi. Tabarau ba ya raunana ido. Abin da ke faruwa, wanda ya ɗanɗana gani garau ba ya yarda ya koma dishi-dishi. Illar sayen na tebur a bakin kasuwa guda ce: mutum zai samu ya karanta, amma ba wanda ya auna masa matsin ido, kuma shekarun neman tabarau su ne shekarun da hawan jinin ido ke shigowa.

Duk wannan bayani, mai sauraro zai ce, da wane kuɗin? Tambaya ce ta gaskiya. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, a 2022 kuma aka sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshora a kan kowa, amma mafi yawan jama'a har yanzu ba su ciki. Waɗanda ke ciki ma da yawa ba su san cewa duba ido da tabarau mai sauƙin kuɗi na daga cikin haƙƙinsu ba, ban da madubin nan da ake mannawa a ƙwayar ido. Ƙa'idar ita ce a fara da asibitin da mutum ya yi rajista, su ba shi takardar turawa zuwa likitan ido da lambar amincewa, a kan magani kuma ya biya kashi 10 cikin 100. Wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi kai tsaye, daga aljihunsa zai biya.

Sai dai tsarin na da giɓi a daidai inda ido ya fi buƙata. Rajistar ma'aikaci ta ƙunshi shi, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyayensa, waɗanda su ne masu yana da hawan jinin ido, ba su ciki sai an ƙara su da ƙarin kuɗi. Manomi, da tela, da mai sayar da ƙosai kuwa sai dai su shiga da kansu ta shirin GIFSHIP na ɗaiɗaiku da iyalai da ƙungiyoyi, ko ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake yi wa tsofaffi, da masu ciki, da ƙananan yara, da marasa galihu rajista a ƙarƙashinsa ta asibitocin mazaɓu. Abin da kowane tsari ke biya ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka kafin a zuba kuɗi a tambaya ƙarara: aikin yana na ciki? Madubin da za a dasa fa? Maganin hawan jinin ido na wata-wata fa? A Gana, alal misali, inshorar ƙasa na biyan aikin yana da awon ido, amma ba ta biyan tabarau.

Aikin ido kyauta da ƙungiyoyi da masu hali kan kawo gari ya buɗe idanu masu yawa, Allah ya saka musu. Amma zuwa yake ya tafi. Ya dace da yana, wadda aiki ɗaya ke gamawa da ita, bai dace da cutar da ke son a riƙa bibiya kowane wata uku ba. Mai hawan jinin ido da ya zauna jiran ranar da za a kawo na kyauta, jijiyarsa ba ta jira tare da shi.

Jama'a masu sauraro, Alhamis ta biyu ta watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya, amma ba sai ta zo ba. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa matsin ido a leƙa jijiyar, sannan ya maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu. Wanda ke da tsoho a gida da ya fara lalube, ko ya daina fita sallar asuba shi kaɗai, ya ɗauke shi cikin makon nan, ya tafi da katin asibitinsa da duk kwalaben da aka taɓa ɗiga masa, ya nuna wa likita.